Wave Hill: Gandun Shanun da Sunayensa Ke Faɗin Mai Ƙasa

Wanda ya sauka a garin Katherine, a Yankin Arewa na ƙasar Ostareliya, ya ce a kai shi Wave Hill, dole a tambaye shi wanne yake nufi. Akwai gandun kiwon shanu mai wannan suna, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 12,000, wato ya ɗara ƙasar Gambiya girma. Akwai gidan manajan gandun, wanda aka gina a wurare uku daban-daban cikin ƙasa da shekara 90, kowanne kuma a zamaninsa Wave Hill ake ce masa. Akwai ofishin 'yan sanda da ƙauyen gwamnati da ke bakin kogin Victoria, su ma sun daɗe suna amsa wannan sunan. Ga mutanen Gurindji kuwa, waɗanda ƙasar kakanninsu ce, babu wannan ruɗani. Wurin gida na farko Malalyi-malalyi ne, na biyu Jinparrak, na uku Jamangku, ƙauyen kuma Kalkarindji. Turawa sun ɗauki suna ɗaya suna yawo da shi duk inda suka kafa kwano, su kuwa masu ƙasar sunan yana manne da wurin, ba ya tashi.

Wannan bambanci shi ne bakin zaren tarihin gandun gaba ɗaya. A ganina, wanda ya iya karanta taswirar Wave Hill ya karanta rabin shari'ar filaye ta Ostareliya, domin kowane suna da ke kanta yana nuna wanda ke da ta cewa a lokacin da aka raɗa shi.

Sai an fara fahimtar yadda irin wannan gandu yake. Mai gandun kiwo a can ba mai ƙasa ba ne a doka, ɗan haya ne. Ƙasar tana hannun gwamnati, shi kuma ana ba shi izinin kiwo na shekaru masu yawa a kan kuɗi kaɗan. Girman ya samo asali ne daga yanayin ƙasar: damina gajera ce, daga wajen Disamba zuwa Maris, sauran watanni kuwa rani ne mai ƙona ciyawa, don haka saniya ɗaya tana buƙatar fili mai faɗi kafin ta ƙoshi. A irin wannan wuri ruwa shi ne dukiya. Wanda ya riƙe gurabun ruwan da ba sa ƙafewa da rani ya riƙe komai. Takardun hayar tun zamanin da jihar Kudancin Ostareliya ke mulkin yankin, daga 1863 zuwa 1911, sun ƙunshi sharaɗin cewa 'yan asalin ƙasar suna da damar shan ruwa da farauta a cikin gandun. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, shanu sun dagula mashaya, sun tattake saiwoyin da ake haƙa a ci, sun kori namun daji, wanda kuma ya soki saniya da mashi don yunwa sai bindiga ta bi shi.

Sunan Turanci na farko ya riga shanun zuwa da shekara 44. A 1839 jirgin ruwan Ingila mai suna Beagle ya shiga bakin wani babban kogi a arewacin ƙasar, jagororinsa Wickham da Stokes suka sa masa sunan Sarauniya Victoria, wadda ba ta daɗe da hawa gadon sarauta ba, ba ta kuma taɓa taka ƙasar ba har ta mutu. A 1855 zuwa 1856 mai binciken ƙasa Augustus Gregory ya bi kogin zuwa sama, ya koma da labarin filayen ciyawa masu kyau. Wannan labarin ne daga baya ya ja hankalin masu shanu. A 1883 Nathaniel Buchanan, wanda ya yi suna wajen kora garke a doguwar tafiya daga Queensland, ya kafa gandun tare da 'yan'uwan matarsa, Hugh da Wattie Gordon. Ana jingina raɗin sunan ga abokin tafiyarsu Sam Croker, wanda ya ga tuddan wurin suna hawa da sauka kamar igiyar ruwa, ya ce da su Wave Hill, wato tudun igiyar ruwa. Croker bai ci moriyar abin ba: a 1892 wani makiyayi, Charlie Flannigan, ya harbe shi a gandun Auvergne sakamakon saɓani a wajen karta, Flannigan kuma ya zama mutum na farko da hukuma ta rataye a Yankin Arewa, a 1893.

Haka sunayen suka yi ta zuba. Wani wuri a ba shi sunan babban mutum da ke Landan, wani a ba shi sunan suruki ko abokin tafiya, kamar rafin Wattie, wanda galibi ake dangantawa da Wattie Gordon. Wani kuma nisansa daga gida ne sunansa, mil kaza. Da aka shiga zamanin haƙa rijiyoyin burtsatse masu famfon iska, sai aka daina ma wahalar neman suna, aka koma lamba: rijiya ta bakwai, rijiya ta goma sha bakwai. Wannan salon raɗin suna na mai lissafin dukiya ne. Yana gaya wa makiyayi inda zai shayar da garke da tsawon tafiyar da ta rage masa kan doki, ba ya gaya masa komai game da abin da ya taɓa faruwa a wurin.

Na Gurindji ya sha bamban tun daga tushe. A imaninsu, wanda suke kira Puwarraja, kakannin farko ne suka ratsa ƙasar, suka bar duwatsu da rafuka da tafkuna a inda suka zauna ko suka yi faɗa ko suka nutse. Kowane wuri yana da suna, yana da waƙa, yana da zuriyar da ke da alhakin kula da shi, mutum kuma yana gadon wannan alhaki ta wajen uba da ta wajen uwa. Tudun Karungkarni da ke kusa da Kalkarindji, alal misali, wuri ne da ke da alaƙa da 'ya'ya da haihuwa, shi ne kuma cibiyar masu zane ta garin ta ɗauki sunansa. Wanda ya iya jero sunayen wata hanya bi da bi, ya rera waƙarta, ya faɗi wanda ya koya masa, to ya nuna takardar gadonsa ke nan a wurinsu. Wannan batu zai dawo da ƙarfinsa a gaban alƙali bayan shekara ɗari.

Akwai kuma wasu sunayen Turanci da suka fi masu raɗa su faɗin gaskiya. Ruwa ba ya tsami banza. A taswirar yankin akwai wani dutse da ake kira Blackfellows Knob, wato dutsen baƙaƙen mutane, wanda Gurindji ke kira Tartarr, akwai kuma kwazazzabon Seale, wanda suke kira Warluk. Dattawan Gurindji sun bar bayanai da bakinsu, an naɗa, an rubuta, cewa a waɗannan wurare an harbe mutanensu, maza da mata da yara. Ba a wajensu kaɗai labarin zubar da jini ya fito ba. William Willshire, ɗan sandan da aka tura ya buɗe ofishi a rafin Gordon a 1894, an taɓa gurfanar da shi kan kisan 'yan asali a 1891 a tsakiyar ƙasar, aka sallame shi. Shi da kansa ya rubuta yana alfahari cewa a tsakanin duwatsun yankin bindigogi ne suka yi magana da Turanci. Ban san wani bayani da ya fi wannan fayyace yadda harshe ɗaya ya hau kan wani a taswira ba. Waɗanda suka tsira sun fahimci cewa hanyar rayuwa ɗaya ta rage: a matso kusa da gidan gandu, a yi wa Bature aiki, a samu a zauna a ƙasar kaka ko da a matsayin bara.

A 1914 gandun ya koma hannun kamfanin iyalan Vestey, attajiran nama daga Liverpool, masu rumbunan sanyi da jiragen ruwa da shagunan fawa a Ingila. Sun gina babbar mahauta a Darwin, babban birnin Yankin Arewa, ta fara aiki a 1917, ta rufe a 1920, amma filayen suka ci gaba da zama a hannunsu. Shekara goma bayan zuwansu, a 1924, kogin Victoria ya yi ambaliyar da ta share gidan gandu na farko a Malalyi-malalyi. A littafin kamfani asara ce ta damina. A bakin Gurindji kuwa, wani dattijonsu mai kiran ruwa ne ya nutsa cikin tafki ya tayar da macijin bakan gizo, saboda fari da kuma abin da ake yi musu. Bahaushen da ya taɓa jin labarin Gajimare, macijin da Maguzawa ke cewa yana kwance a rijiya yana fitowa ya zama bakan gizo, ba zai ji abin baƙo ba. Kogin dai bai sauya hali ba har yau: a farkon 2023 sai da aka kwashe mutanen Kalkarindji da Daguragu zuwa wani sansani kusa da Darwin saboda ambaliya.

Kamfani ya tattara ya koma nesa da kogi, ya sake gini a Jinparrak, ya tafi da sunan Wave Hill a aljihu. A nan ne Gurindji da maƙwabtansu Mudburra da Warlpiri da wasu suka shafe shekara arba'in suna aiki. Mazan su ne kan doki, suna tara shanu, suna yi musu lamba da ƙarfe mai zafi, suna gyaran shingen waya. Matan suna wanki da girki da ɗiban ruwa a gidan manaja. Ladan yawanci nama mai gishiri ne da burodi da shayi da sukari da taba. Matsuguninsu 'yan bukkoki ne na tsohon kwano, waɗanda sai an sunkuya ake shiga, ba famfo ba bayan gida. Masana halayyar al'umma Ronald da Catherine Berndt, waɗanda kamfanin da kansa ya ɗauka a tsakiyar shekarun 1940 su binciki dalilin raguwar ma'aikatansa, sun tarar da yunwa da mutuwar jarirai da cin zarafin mata. Rahoton ya sha ƙura shekaru da dama kafin ya fito fili.

Raɗin suna bai tsaya kan duwatsu ba, ya kai ga mutane. Manaja ba ya wahalar da harshensa, sai ya laƙaba wa ma'aikaci abin da ya zo masa baki. Mutumin da duniya ta sani yau da Vincent Lingiari, jagoran yajin aikin Gurindji na 1966, a gandu Tommy Vincent ake kiransa. Lupngagiari, wanda ya jagoranci yajin aiki a gandun Newcastle Waters 'yan watanni kafin na Wave Hill, Captain Major aka san shi da shi.

Abin da ya fasa ƙurjin shi ne hukuncin hukumar sasanta albashi a watan Maris na 1966. Ta amince a biya makiyaya 'yan asali daidai da Turawa, amma ta ce sai Disamban 1968, don masu gandu su shirya. Ranar 23 ga Agusta 1966, Lingiari ya ja mutane kimanin 200, har da mata da yara da tsofaffi, suka bar Jinparrak. Ba su bi titi ba, suka bi gefen shingen waya, suka yada zango a Junarni, inda Turawa ke kira rafin Gordy, suka tona yashi suka sha ruwa, sannan suka ƙarasa gaɓar kogin Victoria, tafiyar kusan kilomita 20. 'Yan ƙwadago na Darwin, irin su Dexter Daniels, suka riƙa kawo musu abinci. Kowa ya ɗauka maganar albashi ce, har magoya bayansu. Sai a farkon 1967, da suka sake tashi suka koma rafin Wattie suka kafa gari a wurin da suke kira Daguragu, kusa da wurarensu masu tsarki, aka gane cewa ƙasar suke nema.

Abubuwa biyu da suka faru a lokacin sun cancanci a dube su da kyau. Na farko takardar koken da suka aika wa Gwamna-Janar Lord Casey a watan Afrilun 1967, wadda dattawa huɗu suka dangwala wa yatsa, suna neman murabba'in mil 500. Sun ce ƙasar tasu ce tun fil azal, an kashe kakanninsu wajen kare ta, idan kuma ana maganar diyya to sun riga sun biya da aikin shekara hamsin ba albashi. Amma da suka zo bayyana iyakokin wuraren ibadarsu, sai da sunayen Turawa suka yi: daga ofishin 'yan sandan Wave Hill zuwa Hooker Creek, zuwa Inverway, zuwa kwazazzabon Seale. Ba su da zaɓi, domin waɗannan ne kaɗai sunayen da jami'in da ke zaune a Canberra, babban birnin ƙasar, zai iya ganowa a taswirarsa. Mai ƙasa ya zama sai ya ari bakin ɗan haya kafin a ji inda yake nufi. An ƙi amincewa da koken.

Na biyu allo ne. Sun roƙi marubuci Frank Hardy, wanda ke taimaka musu, ya rubuta musu allon da za su kafa a Daguragu, kamar yadda kowane gandu ke da allo a ƙofarsa. Aka rubuta Gurindji da manyan baƙaƙe, a ƙasa aka ƙara cewa nan gandun shanu ne da hurumin haƙar ma'adinai. A doka a lokacin masu kutse ne a filin Vestey. Amma sun lura da kyau cewa a tsarin Bature, abin da aka rubuta sunanka a kai shi ne naka, sai suka yi amfani da makaminsa.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin kashe maganar ta wata hanya. Ta ƙi ba su Daguragu, ta ce za ta gina musu gidaje a ƙauyen gwamnati na Wave Hill, mai nisan kilomita takwas, kusa da ofishin 'yan sanda, a filin da masu kora shanu kan burtali ke yada zango. Wasu sun koma, da yawa sun ƙi. Kamfani kuma a ƙarshen shekarun 1960 ya sake tayar da gidansa zuwa Jamangku, Jinparrak ta zama kufai. Sai da gwamnati ta sauya a Disamban 1972 al'amura suka motsa. Aka yanki wani ɓangare na hayar Vestey, fiye da murabba'in kilomita 3,200, ranar 16 ga Agusta 1975 Firaminista Gough Whitlam ya je Daguragu ya damƙi ƙasa ya zuba a tafin hannun Lingiari. Hoton da Mervyn Bishop ya ɗauka na wannan lokaci yana cikin sanannun hotunan ƙasar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, takardar da aka miƙa a ranar ita ma ta haya ce, irin ta Vestey. Mallakar dindindin sai a 1986 ta samu, a ƙarƙashin dokar filayen 'yan asali ta Yankin Arewa ta 1976, shekara biyu kafin rasuwar Lingiari a 1988.

A shari'o'in da wannan doka ta buɗe ne tsoffin sunaye suka zama hujja. Dokar ta ce sai masu nema sun nuna su zuriya ce mai alaƙar ibada da wani wuri takamaimai. Don haka alƙali kan bar ɗakin kotu ya shiga mota zuwa daji, dattijo ya tsaya a bakin tafki ya faɗi sunansa, ya faɗi wanda ya ratsa ta nan a farkon zamani, ya faɗi yadda shi ya gaje shi, lauyoyi suna rubutawa. A nan ne aikin gandu, duk da zaluncinsa, ya yi wani amfanin da masu shi ba su nufa ba. Makiyayin da ya yi shekara talatin yana zagaya rijiyoyi kan doki bai rabu da ƙasarsa ba, da damina kuma, lokacin da ake sallamar ma'aikata don a huta da ciyar da su, sukan koma daji su yi bukukuwansu su koyar da yara. Al'ummomin kudancin ƙasar da aka kwashe zuwa sansanonin mishan ba su samu wannan damar ba, abin da ya sa nasu da'awar ta fi wuya.

Sai dai kada a ɗauka dawowar suna dawowar ƙasa ce. Wurare uku, wato Daguragu da ƙauyen gwamnati da gandun kansa, sun ƙare da sakamako uku. A Daguragu suna da ƙasa sun dawo tare, ba mai cewa rafin Wattie yanzu sai masu tarihi. Ƙauyen gwamnati kuwa ya bar sunan Wave Hill, an kira shi Libanangu na ɗan lokaci, sannan ya zama Kalkarindji, amma a 1976 aka ayyana shi gari a hukumance, dokar filaye kuma ba ta shafi filin cikin gari. Ma'ana sunan na Gurindji ne, ƙasar ta gwamnati, har sai 2014 da Kotun Tarayya ta amince da haƙƙinsu na gado a kansa. Titin da ya ratsa garin sunan Noel Buntine yake ɗauke da shi, mutumin da ya shahara da jigilar shanu a tireloli masu jan wagunu, wanda ke arewa da shi kuma na Buchanan ne. Shi ma Lingiari ya shiga taswira ta wata ƙofa: tun zaɓen 2001 mazaɓar majalisar tarayya da ta mamaye kusan dukkan Yankin Arewa sunansa take amsawa, a 2007 kuma aka sa hanyar da suka bi daga Jinparrak cikin jerin kayan tarihi na ƙasa.

Na uku shi ne gandun kansa. Vestey ya sayar da shi a 1992, shekarar da Babbar Kotun ƙasar, a shari'ar Mabo, ta rushe iƙirarin cewa Turawa sun tarar da nahiyar ba mai ita. A 1996, a shari'ar Wik, kotun ta ce haƙƙin gado na iya zama tare da hayar kiwo a fili ɗaya, amma idan suka ci karo, na mai haya ne a sama. A kan wannan ma'auni ne Kotun Tarayya, a watan Satumban 2020, ta amince da haƙƙin wasu zuriyoyi huɗu a kan kimanin murabba'in kilomita 5,000 na Wave Hill. Suna iya shiga, su yi farauta, su ɗebi abincin daji, su yi bukukuwa, su koyar da 'ya'yansu, a kuma zauna da su idan kamfanin ma'adinai ya zo. Ba za su iya hana saniya shan ruwa ko su tayar da shinge ba. Ɗaya daga cikin zuriyoyin huɗu da kotu ta ambata ita ce Jamangku, sunan ƙasar da gidan manaja ke zaune a kai yanzu. A shekarar da ta biyo baya, 2021, aka sayar da hayar gandun ga kamfanin Jumbuck na iyalan MacLachlan da abokan haɗin gwiwarsu a kan sama da dalar Ostareliya miliyan 100, a takardar cinikin kuma Wave Hill aka rubuta.